Wanda Ya Kwance Injin Ɗangana

Sufeto Sahabi ya dawo daga masallacin Juma'a ke nan, ko babbar riga bai cire ba, sai ga mutum ya faɗo caji ofis na Yelwa ba sallama, gumi har cikin idonsa.

"Yallaɓai, an kwance man inji."

"Na niƙa ko na jirgi?"

"Na mota. Ni na Ɗangana."

Da jin Ɗangana ne da kansa, kofur ɗin da ke kan kanta ya miƙe tsaye kamar an ce masa ga gwamna. A Yawuri ta wancan lokaci, tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato, wanda bai san Ɗangana ba sai baƙo, ko kuwa irin Sufeto Sahabi, mutumin Illela, wanda ya ɗauki tseren mota a matsayin haukan da ƙoshi ke kawowa.

Asalin abin majigi ne. An taɓa nuna wa mutanen Yelwa tseren Amurka, motoci masu kujera ɗaya, tayoyi a waje. Makanikai suka kalla suka ce ai ba wani abu ba ne, motar Bitil ce aka tuɓe wa riga. Suka dinga feɗe tsofaffin Bitil suna barin ƙashi da inji da sitiyari, aka sa musu suna 'yan tsirara. Duk bazara, idan ruwan tafkin Kainji ya ja baya ya bar fili, sai a yi kakar tsere gari-gari ana tara maki. Bana an yi Shanga, an yi Wara, an yi Birnin Yawuri, saura na ƙarshe a Yelwa ran Lahadi.

Ɗangana ne a gaba, da ɗan rinjaye kan wani Basiru. Shi Ɗangana Bagunge ne, cikin mutanen da ruwan dam ya cinye wa tsibirai aka kwaso su tudu, kuma shekara da shekaru 'yan gari suna tsokanar su cewa ba su san komai ba sai filafilin jirgi. Shi ya sa kowane Bagunge yake jin kofin nan kamar nasa. Ga kuma dokar ƙungiya, mota ba ta shiga tsere sai da injin da aka buga wa hatimi a farkon kaka, aro bai halatta ba. In injin bai fito ba kafin Lahadi, Basiru zai ɗauki kofi ko da tura motarsa ya yi.

Sufeto ya yi tsaki, ya ɗauki hula. Ba ya son tsere, amma sata ta fi ba shi haushi.

Ɗangana ya ce da injinta ya bar motar ya tafi Juma'a. A garejinsa Sufeto ya tarar da ita a kan duwatsu, bayanta wayam. Ya tsuguna ya daɗe yana dubawa. Ba a yanke waya ko ɗaya ba, kowace an kwance ta an lanƙwasa gefe, notuna kuma an zuba su a gwangwanin madara don kada su ɓace. Ɓarawon da ya yi wannan aiki ya fi wasu masu kaya tausayin kaya.

Wani dogon mutum ya matso, hannunsa baƙi ƙirin da mai. Ɗangana ya ce wannan Gambo ne, ɗan baffansa, tare suka haɗa motar. Da safe yakan je ɗaga gurarsa, wato tarkon kifi, da rana ya zo gareji.

"Ina kake sa'adda anka yi salla?" in ji Sufeto.

"Masallaci, Yallaɓai. Sahun baya."

"Wa kaka zargi?"

"Ai ba sai an hwaɗi ba. Wa ka ƙaruwa in motag ga ba ta tashi ba?"

Ɗangana ya gyaɗa kai, shi ma Basiru ne a ransa. Sufeto ya koma duba ƙasa. Ya bi sawun amalanke da ya fita ta bayan gareji, ya gangara har bakin ruwa, nan ya ɓace. Daga nan an sa injin a jirgi ke nan.

Basiru ya karɓi Sufeto da fara'ar da ta yi yawa. Ya rantse a sahun gaba ya yi Juma'a, har ya fara lissafa manyan da ke kusa da shi. Sufeto ya bar shi ya gama, sannan ya sa yatsa ya ɗebo laka daga tayar motarsa. Ɗanya ce sharaf, baƙar lakar bakin tafki.

"Ita ma sahun gaba ta yi salla?"

Basiru ya dubi lakar. Da ƙyar ya amsa cewa ya faki idon jama'a ya je gwada filin tsere, abin da ƙungiya ta hana. Ya roƙi a rufa masa asiri, ya ce Zipora mai bandar kifi ta gan shi, don rumfarta na kallon filin kuma ita ba ta zuwa Juma'a. Sufeto ya ce laifin da ya yi wa ƙungiya da wanda ya yi wa Ubangiji duk ba na ɗan sanda ba ne, amma kada ya bar gari.

Washegari da sassafe aka shiga ruwa neman inji. A nan ne girman Sufeto ya ragu. Mutum ne da ya tashi inda ruwa sai a rijiya, sai ga shi cikin kwale-kwale, ya riƙe gefe da hannu biyu yana karanta duk addu'ar da ya sani. Tsoho Umaru, mai tuƙa shi, ya yi kamar bai gani ba.

Suka bi gaɓa suna caka gora, suka leƙa jiragen da ke ɗaure, ba komai. Amma duk da tsoro, Sufeto ya lura da wani abu. Duk inda suka tunkari ciyawar burugu aka ga sanda a kafe da tsumma a kanta, sai Umaru ya karkata jirgi ya kewaye.

"Baba, mis sa kaka kauce wa wuraren ga?"

"Wurin gurar mutane na."

"To mu duba mana."

Tsohon ya dube shi kamar ya ce su leƙa ɗakin matar wani. Ya bayyana masa cewa kowane masunci da wurinsa, ba mai shiga na wani, ko jirginka ne ya kuɓuce ya faɗa ciki sai ka kira mai wurin ya fito maka da shi. Wuraren kuwa sun fi a ƙirga, daga nan har Ngaski. Sufeto ya sauka tudu da jiƙaƙƙen wando da baƙin rai, rana ta ɗaga, ga Lahadi na ƙaratowa.

Ya wuce rumfar Zipora don ya gama da maganar Basiru. Ya same ta tana masifa ita kaɗai, ta ware wasu tarwaɗa gefe tana hararar su. Ta tabbatar masa Basiru ya yi ta kewaya fili tun kafin huɗuba har aka sallame, ya hana ta sakat da ƙara. Sannan ta koma kan abin da ya dame ta, ta ɗauko kifi ɗaya ta kai masa har hanci.

"Shinshina, Yallaɓai. Wa zai ci wanga?"

Warin baƙin mai ne, ba ko tantama.

"Hannun wa kinka saye shi?"

"Gambo. Kullum kihinai da ɗan warin gareji, amma na hannu na, ina wankewa shi hita. Na yau ko har cikin tsoka. Kihin ga cikin mai yak kwana."

"Kin gaya mai?"

"Na gaya mai, yac ce shi bai ji komi ba. Ina za shi ji, hancinai ya mutu da mai tun tuni."

Sufeto ya tsaya riƙe da tarwaɗa, farin ciki ya cika shi har ya manta da jiƙaƙƙen wandonsa. In kana son ɓoye abu a tafkin nan, ba inda ya kai wurin da al'ada ta hana kowa shiga. Sai dai wurin da ba mai shiga sai mutum ɗaya, duk abin da aka samu a ciki an san mai shi. Ya sayi kifin, abin da ya ba Zipora mamaki ƙwarai.

Ya aika aka kira Ɗangana da Gambo bakin ruwa, ya ce yana son masu idon inji su raka shi. Wannan karon da kansa ya fara shiga jirgi. Da suka yi nisa sai ya juya wajen Gambo.

"An ce ba a shiga wurin gurar mutum sai da izninai. Ka ba mu izni mu shiga naka?"

"Babu komi can sai kihi, Yallaɓai."

"Irin wanga?"

Ya kwance ƙunshin ya ajiye tarwaɗar a tsakiyar jirgi. Ɗangana ya sunkuya ya shinshina, ya ɗago a hankali yana kallon ɗan'uwansa. Gambo ya ce ai jiragen inji na zubar da mai ko'ina. Tsoho Umaru, mai tuƙa su, ya ce jirgin inji ba ya shiga burugu, farfela za ta sarƙe. Gambo ya ɗaga hannu ya nuna hanya.

Tun kafin su kai sandarsa suka ga mai yana ƙyalli a kan ruwa. Can cikin ciyawa ga tsohon kwale-kwale an lulluɓe da tamfol. Injin na zaune a kan katako, an toshe kafireto da tsumma, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Jirgin ne ke yoyo, man da ya tsiyaye ya bi ruwan ya shiga gura.

Ɗangana ya rungume injin kamar ɗan da ya ɓata, sannan ya tambayi Gambo dalili.

Gambo bai yi gardama ba. Ya ce shi ya fara tuƙa motar a Shanga, ya kife a kwana, aka ce ya sauka Ɗangana ya hau. Ya haƙura. Amma tun daga nan duk gyaran da ya sa motar ta fi ta kowa gudu shi ya yi, ga makaɗa sun cika gari da sunan mutum ɗaya. Ya ce ba sayarwa zai yi ba, niyyarsa ran Litinin ya mayar.

"Hannuna na cikin injin ga," in ji shi, "amma ko sau guda ba ka ce Gambo ba."

Ɗangana ya sunkuyar da kai, don maganar ta same shi. Sufeto kuwa ya ce ɗaukar kayan da ba a ba ka ba sata ce ko da ran Litinin za ka mayar, ya ciro ankwa. A ransa ya ji tausayin mutumin, amma bai bari ya fito a fuska ba.

Kafin la'asar makanikan Yelwa sun taru sun ɗaura injin, har da yaran Basiru, waɗanda ubangidansu ya turo don kunya. Alƙalan ƙungiya suka duba hatimi suka ce shi ne.

Ran Lahadi aka ce a kai Gambo gidan waƙafi kafin a shiga kotu. Hanyar ba ta bi ta filin tsere ba, amma Sufeto ya ce wa direba ya bi ta can, wai don a duba tsaro. Suka tsaya a kan tudu, Gambo na baya da ankwa.

Filin ya cika maƙil. Gungawa sun zo cikin jirage daga ƙauyukan gaɓa, Fulani sun tsaya da sandunansu a kafaɗa, Kambari sun sauko daga tudu. Aka kaɗa tuta, 'yan tsirara suka zabura. Basiru ya fara shiga gaba, gwajin da ya yi a ɓoye ya yi masa rana, ya tsare hanya zagaye bayan zagaye. Ɗangana ya manne masa a baya ya ƙi sakin sa.

Sufeto ya waiwaya ya ga Gambo ya rufe ido, ba ya kallo, saurare yake yi. Cikin duk wannan ruri yana iya ware muryar injin ɗaya. Da suka doshi kwanar ƙarshe sai leɓensa ya motsa.

"Kak ka taka birki. Sauke giya. Yanzu."

Kamar Ɗangana ya ji shi. Motar ta yi ƙara, ta kutsa ta ciki, tayarta ta kusa gogar ta Basiru, ta fito gaba. Haka ta tsallake layi. Filin ya kaure, mata na guɗa, tsofaffin Gungawa na kuka ba kunya. Sufeto Sahabi, mai cewa tsere hauka ne, ya tsinci kansa yana dukan ƙofar mota da hularsa, kofur na kallon sa.

Aka ɗaga Ɗangana sama da kofi a hannu. Da ya hango motar 'yan sanda sai ya sa aka sauke shi, ya ratsa jama'a, makaɗa na biye da shi, ya zo ya tsaya a bayan motar. Ya ɗaga kofin yadda kowa zai gani, ya yi magana da ƙarfi.

"Ku ji, jama'a. Ni nit tuƙa, amma Gambo ɗan baffana yah haɗa injin ga. Ko tari bai yi ba."

Makaɗa suka ɗauki sunan nan take. Gambo ya kifa fuska a kan hannuwansa masu ankwa, kafaɗunsa na girgiza. Sufeto ya bar shi ya ji sunansa a bakin kalangu har sai da amshi ya zagaya filin, sannan ya shiga gaba ya rufe ƙofa, ya ce wa direba su tafi.