Ba a Hawa da Takalmi

"Ba zan ba ka ita ba!"

Anti, malamar Aji Rawaya, ta tare ƙofar ajin da jikinta, hannu ɗaya a kan ƙyaure, ɗayan riƙe da yarinyar da ta laɓe a bayanta. Mutumin da ke gabanta dogo ne, da jakar tafiya a kafaɗa, idanunsa jajur kamar wanda ya yi kwanaki a hanya.

"Malama, 'yata ce."

"Ina katin ɗauka?"

"Wane kati kuma?"

"Ka ji ko? Uban da bai san katin ɗauka ba!"

Dokar makarantar ke nan. Kowane yaro yana da kati mai ɗauke da hotunan waɗanda aka yarda su ɗauke shi in an tashi. Wata bakwai yarinyar tana ajin Anti, fuska biyu kawai ta sani a katinta, kakarta da wata budurwa da ake kira 'Yar Kawu.

Ya buɗe baki zai ce a tambayi yarinyar, sai ya haɗiye maganar.

Wannan haɗiyewar ce ta sa Anti ta fara tunanin gaskiya ya faɗa. Baƙo ba zai san cewa Kurciya ba ta magana ba. Tun rasuwar mahaifiyarta, shekara ɗaya da rabi, ko kalma ɗaya ba ta fita daga bakinta ba, sai wani ɗan sauti irin kukan kurciya a maƙogwaro in tana wasa, wanda ya ja mata laƙabin.

Duk da haka Anti ba ta matsa ba.

"Ka yi haƙuri. Sai mai kati ya zo."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ajiye jakarsa, ya jawo kujerar yara ya zauna, gwiwoyinsa har haɓa. Awa guda cur yana nan, yana kallon 'yarsa, ita ma tana leƙensa ta gefen siket ɗin Anti.

'Yar Kawu ta shigo a guje, turarenta ya riga ta.

"Innalillahi! Yaya, kai aka zaunar a nan? Ke, kin san ko wane ne wannan? Injiniyan jirgin ruwa ne fa, yau ya sauka!"

"Ƙyale ta," in ji shi. Ya miƙe da ƙyar, ya dubi Anti. "Na gode da kika hana ni."

Ranar har ta isa gida maganar tana yi mata yawo a kai.

Washegari ya kawo Kurciya da kansa, da sabon kati mai hotonsa a wuya kamar ɗan makaranta. Bai tafi ba. Ya tsaya a jikin taga.

Kowace safiya Anti takan zaunar da yara goma sha takwas a da'ira a kan babbar tabarmar aji, takalmansu jere a bakin ƙofa. Akwai ƙwallon tsumma ja, wanda yake hannunsa shi ke da magana. Wannan ya ce haƙorinsa na rawa. Waccan ta ce kyanwarsu ta haifi jarirai ɗari. Da ƙwallon ya iso hannun Kurciya, sai ajin ya yi tsit.

Yara 'yan shekara uku da huɗu, waɗanda ba sa iya zama minti ɗaya, suka haɗa hannuwa a cinya suna jira. Anti tana ƙirga numfashi goma a ranta. Ba ta ce yi magana ba. Ba ta ce yi ƙoƙari ba. Da goman ta cika ta ce, "Mun gode, Kurciya," ƙwallon ya wuce.

Injiniya yana jikin taga yana kallon komai.

Da aka tashi ya tare ta a bakin famfon wanke hannu.

"Kullum haka kike yi?"

"Kullum."

"Ba ta taɓa cewa komai ba?"

"Ba ta taɓa ba."

"To me ya sa?"

"Layinta ne. Ko ba ta yi magana ba, layinta ne. Ranar da ta shirya, ina so ta tarar ana jiran ta."

Ya sunkuyar da kai. Anti ta ga yana kokawa da wani abu a ƙirjinsa, sai ta yi abin da ta iya. Ta yi shiru, ta fara ƙirgawa.

A na takwas ya ce, "Kwana goma da binne uwarta na koma jirgi. Na kasa kallon fuskarta... fuskar ɗaya ce. Guduwa na yi, Malama."

"Ai ka dawo."

"Kina ganin ban makara ba?"

"Jiya awa guda tana kallon ka. Ni sai da na yi wata biyu kafin ta kalle ni."

Daga nan aka fara. Yau ya zo gyara lilo, gobe ya zo ɗaure famfo. Baba mai gadi har ya daina tambayarsa.

"Injiniya, yau kuma me ya lalace?"

"Ni ne, Baba."

Wata rana ya ce mata, "Sanyin idona."

Ta kusa yar da kwandon fensir. "A gaban yara?"

"To a gaban wa zan faɗa? Su ne danginki da na sani."

Amma 'Yar Kawu ba makauniya ba ce. Wata da watanni tana jigilar Kurciya, ba don son jigila ba, sai don son uban. Ta ɗauke su hoto a bakin famfo suna dariya, ta kai wa Kaka, mahaifiyar Injiniya, ta kai wa shugabar makaranta.

Shugaba ta kira Anti ofis, ta juyo mata wayar.

"Kin san dokarmu a kan malamai da iyayen yara. Kin fi kowa iya aiki, shi ya sa nake ba ki zaɓi. Ko shi, ko ajin."

Da yamma Injiniya ya kira, muryarsa a dushe. Mahaifiyarsa ta rantse ɗanta ba zai auri mai share majinar 'ya'yan mutane ba. An gaya mata Anti da yarinyar take farautar uban, kuma wata bakwai ba ta koya mata ko harafi ɗaya ba.

"Zan bar musu gidan, wallahi!"

"A'a." Anti ta danne kukanta. "Ka daina zuwa. In na bar ajin nan, wa zai jira ta? Sabuwar malama za ta tsallake ta ne kawai."

"Ni fa? Ni wa zai jira ni?"

Ta kashe wayar kafin ya ji shessheƙarta.

Sati biyu taga ba kowa. Ta ɗauka ta sayi zaman lafiyar yarinyar da wannan. Ashe Kaka ba ta gama ba.

Ranar Litinin da safe, ana tsakiyar da'ira, ƙofa ta buɗe. Kaka ce a gaba da takardar cire yarinya a hannu, 'Yar Kawu a gefenta, Shugaba a baya. Can ƙarshe Injiniya, wanda ya biyo su yana roƙo tun daga gida.

Ƙwallon yana hannun Kurciya.

"Tashi mu tafi, 'yar nan," in ji Kaka.

Wani ɗan ƙaramin yaro ya ɗora yatsa a baki. "Shhh! Layinta ne!"

Anti ba ta ɗago ba. Hawaye na zuba, amma tana ƙirgawa. In dai na ƙarshe ne, sai yarinyar ta samu gomanta cif. Huɗu... biyar...

"Kun ga shirmen da nake faɗa?" in ji 'Yar Kawu. "An tara yara ana kallon bebiya!"

Kaka ta yi tsaki, ta tako kan tabarmar, ta miƙa hannu.

Kurciya ta dubi ƙafafun kakarta. Ta ɗago kai.

"Kaka... ba a hawa da takalmi."

'Yar murya ce siririya, a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Takardar ta suɓuce daga hannun Kaka. Injiniya ya dafa bango, ya sulale ƙasa. Shugaba ta rufe baki da hannu biyu. Yaran kuwa ba su yi mamaki ba, su dama sun san wata rana za ta yi.

"Mun gode, Kurciya," suka faɗa tare.

Kaka ta koma bakin ƙofa. Ta cire takalmanta, ta jera su kusa da ƙananan. Ta dawo ta zauna a da'irar da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara. Kurciya ta ɗora mata ƙwallon a cinya.

Aji ya yi tsit.

Tsohuwar ta kai numfashi goma ba ta iya cewa komai ba. Sannan ta dubi Anti.

"'Yata... ki yafe mini."

Da aka waiwaya, 'Yar Kawu ba ta wurin.

Shugaba ba ta karya dokarta ba. Da zango ya ƙare Kurciya ta wuce Aji Kore, ta daina zama ɗalibar Anti, sai Shugaba ta ce ita ba ta ga sauran magana ba. A hutun aka ɗaura aure.

Ranar farko da aka koma, Anti ta sallami yaranta, ta nufi Aji Kore. Malamar ajin ta tare ƙofa tana danne dariya.

"Ina katin ɗauka?"

"Haba, ni ce fa!"

"Ke kika koya mana."

Anti ta laluba jakarta. Babu. Ta bar shi a kan madubi.

Ta jawo kujerar yara ta zauna, ta kira mijinta. Sai da ya gama dariyarsa ya ce, "Zauna nan, sanyin idona. Awa guda zan yi."

Kurciya ta zo ta hau cinyarta, ta fara ba ta labari. Har ya iso ba ta kai ƙarshensa ba.