Jan Zaren Nereida

A dandalin garin San Jacinto Wilfrido ya fara ganin Nereida, ranar bikin masu busa. Yana rungume da akodiyansa, akwatin kiɗan nan da ake ja ana matsewa, yana jiran a kira shi, ita kuwa tana busa gaita, doguwar sarewar nan mai kan kakin zuma da gawayi. Gaita ba ta tafiya ita kaɗai: akwai mace mai jan waƙa, akwai namiji mai amsa mata. Macen tana hannun Nereida. Namijin yana bakin Fermín, wanda ya koyi sassaƙar sarewa wurin mahaifinta.

Da aka tashi, Wilfrido ya tare ta.

"'Yanmata, busarki ta sa na manta waƙata."

"Ashe na ceci kunnuwan jama'a," ta ce tana dariya.

Daga nan soyayya ta ƙullu. Amma ranar da ya je gaishe da mahaifinta, Don Eleuterio ya dubi akodiyan kamar ya ga kunama.

"Yaro, kiɗanmu na kumbiya gado uku ne. Sarewa ta kakanninmu na kan duwatsu, ganga ta waɗanda aka kawo daga Afirka, baitin waƙa na Sifaniyawa. Wannan akwatin naka jiya-jiya jirgin ruwa ya sauke shi. 'Yata sai wanda zai amsa mata da namijin gaita."

Wilfrido ya fito yana tunanin Fermín, domin shi kaɗai ya sani mai amsa mata.

Wata la'asar a gindin mangwaro, Nereida ta zaro jan zare daga saƙar mahaifiyarta, ta miƙa shi daga kafaɗarsa zuwa ƙarshen yatsansa, ta ƙulla.

"Na mene ne?"

"Ɗaure ka zan yi, masoyi, kada ka gudu."

Bai ƙara ganin zaren ba sai a kasuwa, naɗe a wuyan hannun Fermín, da ƙullinsa. Mai sayar da doya kuma ta ƙara masa da cewa an ga Nereida da Fermín sun hau dutse tare. Ya koma gida ya kasa cin abinci. Ya rubuta saƙo, ya goge, ya sake rubutawa:

"Neri, ina zaren da kika ɗaure ni da shi?"

"Yana inda yake da amfani. Ka ci abinci?"

"Me ya kai ki dutse da Fermín?"

"Sarkin zargi, wa ka sa yake bina?"

Ya karanta ya sake karantawa. Bai ga inda ta musa ba.

Washegari ya nufi rumfar Fermín. Ya tarar da su zaune, Nereida tana riƙe da sabuwar sarewa, namijin gaita, Fermín yana gyara gashin agwagwan da ake sa wa a bakin sarewar.

"Ga angon," in ji Fermín. "Abokina, hannunka ya wahalar da ni. Sai da muka zagaye dutsen nan kafin mu sami icen da ya kai tsawonsa."

Wilfrido ya matso kusa. Ya karɓi sarewar, ya ɗora ta a kafaɗarsa, ya miƙa hannu. Ta tsaya daidai ƙarshen yatsansa.

"Da hannun mai busawa ake auna ta," Nereida ta ce a hankali. "Da na faɗa maka, girman kai ba zai bar ka ka karɓi abu daga wurin Fermín ba."

Kunya ta rufe shi. "Ki yafe mini, hasken idona."

"Sai ka iya busawa tukuna."

Damina guda ya yi yana koyo, karnukan unguwa suna taya shi. Ranar da ya tsaya gaban Don Eleuterio, caki a hannu ɗaya, sarewa a ɗayan, kamar yadda mai busa namijin gaita ke yi, Nereida ta ja waƙa, ya amsa mata bai kuskure ba.

Tsohon ya ce, "Numfashinka gajere ne, yaro. Amma kana saurarenta. Ranar bikin aurenku ka zo da akwatin naka ma."

Aka ɗaura aure a cocin garin, akodiyan da gaita suka kwashe yini tare. Don Eleuterio ya dafa kawunansu ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa duk sanda ɗayanku ya kira, ɗayan ya amsa."

Jan zaren kuwa, a wuyan hannun ango aka gan shi.