Tsohuwar da Ta Ƙi Sunkuyawa

Shekara talatin Tsuneo yana zagaya garin Yanagawa da baƙi a kwale-kwale, bai taɓa ɗaukar mai taurin kai irin tsohuwar nan ba. Duhu ya shiga, ga gajeruwar gada ta matso. Fasinjoji biyar suka kwanta, ita tana zaune ƙyam.

"Iya, sunkuya mana. So kike ki fasa kai a kore ni daga aiki?"

Ko gezau. Ya kafa gorar tuƙinsa don su tsaya, amma ruwa ya ja su ƙarƙashin gadar. Ya durƙusa yana jiran ƙarar ƙashi. Shiru, sai warin laka.

Suka fito tana zaune, ko gashinta bai motsa ba.

"A zamanina babu gada a nan, yaro."

Daga ƙarƙashin kwale-kwalen muryar ta fito.