Kyanwar Goggo da Lambarta

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, ana yayyafi tun dare, irin wanda ba ya jiƙa mutum sai ya daɗe a tsaye. Sufeto bai gama rataye hularsa ba Kofur ya leƙo.

"Yallaɓai, an fasa asibitin dabbobi na bayan kasuwa."

"Me aka ɗauka? Magani?"

"Kyanwa."

"Guda nawa?"

"Ɗaya tal. Na ce wa mai wayar ta zo gidanmu in ba ta uku kyauta, ta ce ba ta da lokacin wasa."

Shi Sufeto mutum ne mai son sanin dalilin abu. Shekararsa ashirin da biyu a aiki, ya ga satar shanu, ya ga satar mota, har ƙofar gida ya ga an cire an tafi da ita. Amma bai taɓa jin wanda ya fasa gini don kyanwa ba. Sai ya maida hularsa.

Asibitin ɗaki uku ne da ɗan fili a baya. A ɗakin jira wata dattijuwa na zaune a benci, ta rungume jakar takardu a ƙirjinta. Likita ta tarbe su, mace ce mai kimanin shekara arba'in, sanye da farar riga. A bayanta mai taimaka mata ne, dogon mutum mai furfura jefi-jefi, shi ke riƙe dabbobi in za a yi musu allura. Dogo ake ce masa.

"Wannan Goggo ce, mai kyanwar," in ji Likita.

Sufeto ya rusuna ya gaishe ta. "Goggo, ki yi mini bayani kamar wanda bai san komai ba. Don gaskiya ban sani ba."

"Toka sunanta," ta ce. "Maigidana ne ya tsinto ta tana 'yar jaririya, a aljihu ya kawo ta. Ya rasu bara. 'Yata guda ɗaya ce, tana aure a wata ƙasa, haihuwa yau ko gobe. Ta ce in tattara in koma wurinta. Na ce ni da Toka, ko kuwa ba ni ba tafiya. Gobe da yamma jirginmu."

"To ba ɗaukarta kawai za ki yi ku hau ba?"

Goggo ta dube shi da tausayi, ta buɗe jakar. "Ɗana, takardunta sun fi nawa yawa."

Likita ta jera su a kan tebur. Da farko, in ji ta, ana sa wa dabba wata 'yar ƙwaya a ƙarƙashin fatar wuya, ba ta fi tsabar shinkafa ba, a cikinta akwai lamba mai alƙaluma goma sha biyar. Bayan nan a yi allurar rigakafin ciwon haukan kare. A jira wata ɗaya, a ɗebi jini a aika ɗakin gwaji. In jinin ya yi kyau, a ƙara jiran wata uku. A ƙarshe likitan gwamnati ya ɗora na'urarsa a wuyan dabbar, in lambar ta zo daidai da ta takarda ya buga hatimi.

"Yau ƙarfe goma za mu kai ta wurinsa. Shi ya sa ta kwana a nan."

"In aka yi allurar kafin a sa ƙwayar fa?"

"An ɓata. Sai a sake daga farko. Lambar ce kyanwar, Sufeto. Su can ba ruwansu da launinta ko sunanta."

Kofur ya girgiza kai. "Ni da nake mutum ko fasfo ba ni da shi."

Ɗakin kwanan dabbobi yana baya. Keji takwas ne, na uku a buɗe, ba a ɓalle sakatarsa ba. A na kusa da shi wani farin kare ne mai gashi kamar auduga, Likita ta ce kuɗinsa ya kai na babur. Ga aku a kusurwa. Ga firjin magunguna a kulle. Tagar ɗakin a fashe take.

Sufeto ya leƙa kejin. "Ba a ba ta abinci jiya ba?"

"An ba ta. Goggo ta zo da kwanonta da ɗan bargonta."

"Ina suke?"

Likita ta duba. Babu kwano, babu bargo.

"Ɓarawon nan yana da tausayi," in ji Sufeto. "Ya bar kare mai tsada, ya tuna da bargon kyanwa."

Suka zagaya waje. Mai gadi yana tsaye ƙarƙashin rumfa, ya naɗe kansa da mayafi.

"Su biyu ne, ranka ya daɗe, ƙarti. Ta katanga suka diro, suka doki tagar. Na bi su da sanda, suka shiga mota."

"Wace irin mota?"

"Baƙa. Ko shuɗiya."

Sufeto ya tsuguna ya ɗauki ɓallin gilashi daga cikin ciyawa. "Baba, wanda ya doki taga daga waje, gilashi ciki yake zuba. Ga shi duk a nan waje, ɗakin kuwa fes. Sanyi aka yi jiya, ko?"

Mai gadi ya sunkuyar da kai. Can ya ce ruwa ne ya kore shi, ya shiga motar asibiti ya ɗan kishingiɗa, bai farka ba sai da gari ya waye.

"Su wa ke da makulli?"

"Likita da Dogo."

Sufeto ya koma ciki ya zauna da takardun. Yana karanta su a hankali, yana bin layi da yatsa. A shafin farko an manna lambar, ga kwanan wata, ga sa hannun Likita.

"Ke kika sa mata ƙwayar?"

"Ni ce. Doka ba ta yarda wani ya sa ba sai likita."

Ya jawo babban littafin da ake rubuta aikin kowace rana, ya buɗe wata huɗu baya. Ya daɗe yana kallon shafin.

"Ranar nan rubutun ba naki ba ne. Kuma a sama an rubuta, Likita ta tafi gonar shanu, sai yamma."

Likita ta cire tabarau ta goge. Ta ce shanu ne suka kwanta ciwo aka kira ta da gaggawa, ga Goggo ta taso daga nesa. Ta yi wa Dogo waya ya sa ƙwayar, da ta dawo ta sa hannu. Rigakafin da ɗibar jinin kuwa ita ta yi da kanta.

"Shekararsa goma sha ɗaya tare da ni. Hannunsa ya fi nawa taushi."

"Da kika zo ɗibar jini, kin duba lambar?"

"Kullum muna dubawa. Shi ke riƙe dabba da na'ura, ya karanto, ni ina rubutawa."

"Ke ba kya kallon fuskar na'urar?"

"Hannuna biyu ne, Sufeto."

Ya ce a ba shi na'urar ya gani. Abu ne kamar ƙaramin madubin hannu, da maɓalli ɗaya. Sufeto ya juya ta gaba da baya kamar ya sami abin wasa. Ya ɗora ta a wuyan farin karen, ta yi ƙara, lambobi suka fito. Ya yi murmushi. Ya ɗora a kan aku, shiru. Ya ɗora a wuyan Kofur.

"Ba ka da rajista."

"Na faɗa maka, yallaɓai, ba inda za ni."

A kan tebur akwai wani ƙaton mage mai ruwan toka, yana barci ya miƙe ƙafafu. Likita ta ce na asibitin ne, Manaja suke ce masa, don ba ya aikin komai sai kwanciya a tebur.

"Shi ba shi da lamba. Ina za shi?" in ji ta.

Sufeto ya ɗora na'urar dai, don kawai ya gani. Ta yi ƙara.

Sufeto ya ƙura wa na'urar ido. Ya ce Kofur ya ɗauki takardar Toka, shi yana karanta na'ura Kofur yana bi. Alƙaluma goma sha biyar, babu wanda ya kauce.

Kofur ya washe baki. "To ai ga ta nan. Goggo, an ga kyanwarki."

Goggo ta taso ta leƙa. "Wannan muzuru ne, ɗan nan. Toka mace ce, kuma ba ta kai rabinsa ba. Launin ne kawai."

Sufeto ya juya. Dogo yana bakin ƙofa riƙe da tsintsiya, tun ɗazu wuri ɗaya yake sharewa.

"Malam Dogo, zo ka zauna. Yaya aka yi lambar Toka ta koma wuyan Manaja?"

"Na'urar ce take ruɗewa in an yi ruwa."

"Ta ruɗe ta ƙirƙiro lamba goma sha biyar daidai? Jiya ƙarfe nawa ka tashi?"

"Shida. Ban dawo ba sai yau da safe."

"Wa ya fara ganin tagar?"

"Ni."

"Kai ka share gilashin cikin ɗaki?"

"E, na share."

"Ina ka zuba?"

Dogo ya dubi kwandon shara. Kofur ya juye shi a ƙasa. Auduga ce da takardu, babu ko ɗigon gilashi.

Sufeto bai ɗaga murya ba. "Yau ne rana ta farko da wani ba kai ba zai riƙe na'ura a wuyan Toka. Ko ba haka ba?"

Dogo ya ajiye tsintsiyar, ya zauna a ƙasa maimakon kujera.

"Ranar sa ƙwayar nan Toka ta kuɓuce mini," ya ce. "Ta shige ƙarƙashin kabad. Allurar tana hannuna, na riga na manna lambar a takarda. Na zura hannu, na kamo wuya mai ruwan toka, na jawo kai waje na soka da sauri kafin ta yakushe ni. Sai da ya fito gaba ɗaya na ga Manaja ne. Ashe can yake barci."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Likita ta amince mini da abin da ba a ba irina. In maganar ta fita, lasisinta ne a ciki, ba aikina kaɗai ba. Na ce gobe zan faɗa. Goben ta zo aka yi rigakafi, na karanto lambar daga kaina, don na haddace ta. Aka zo jini, na sake karantowa. Kullum abin ƙara nauyi yake."

"Jiya fa?"

"Na dawo bayan na ga mai gadi ya shiga mota. Niyyata in tsaga wuyan Manaja in ciro ƙwayar in maida wa Toka. Na ɗauko wuƙar tiyata, ya zo yana shafa kansa a hannuna. Na kasa. Sai na ɗauke ta, na fasa tagar. Na ce in ta ɓace ba mai dubawa."

"Tana ina?"

Dogo ya kai su ɗakinsa, can ƙarshen wani lungu, ciki ɗaya. Toka na kwance a kan matashinsa, an shimfiɗa mata bargonta, ga kwanonta da ruwa a gefe. Shi a tabarma ya kwana. Goggo ta kira ta sau ɗaya, kyanwar ta diro ta shige cikin mayafinta.

Da suka koma asibiti Goggo ta dubi Likita. "To yanzu a sa mata ƙwayar, mu kai ta. Ƙarfe goma bai yi ba."

Likita ta kasa haɗa ido da ita. "Goggo, takardun nan duk na Manaja ne a wurin hukuma. Toka sai an sake daga farko. Wata huɗu da 'yan kwanaki."

Goggo ta zauna. Ta daɗe tana shafa bayan kyanwar. Sannan ta ɗago ta dubi Dogo, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Da ranar ka fito ka ce mini, Goggo na yi kuskure, da wuni ɗaya na yi asara."

Dogo ya juya wajen Kofur. Ya miƙa hannuwansa da kansa. Kofur ya ciro ankwa, ya dubi Sufeto, ya maida ta aljihu, ya kama shi a hannun riga kawai suka fita zuwa mota.

Sufeto ya ce wa Likita ita ma ana bukatarta a ofis da rana, kan maganar sa hannu. Ta ce za ta zo. Ta ce wa Goggo Toka za ta zauna a gidanta, ba a keji ba, komai da hannunta za ta yi, ranar da takardu suka cika ita za ta kai ta filin jirgi.

"Na ce ba ni ba tafiya sai da ita," in ji Goggo. "Amma yarinyar can ba ta da wata uwar." Ta gyara riƙon kyanwar. "Gobe da rana ki zo ki ɗauke ta. Ba yau ba."

A bakin mota Kofur ya matso kusa da Sufeto, ya rage murya. "Yallaɓai, kyanwar fa kayan shaida ce. A ƙa'ida ofis za ta kwana."

Sufeto ya waiwaya. Goggo ta fito, ta rufe Toka da gefen mayafi saboda yayyafin, tana yi mata faɗa a hankali kan bin baƙo da ta yi.

Ya ciro waya ya ɗauki hotonsu daga inda yake. "Ga shaidarka. Rubuta an bar ta a hannun mai ita."

Goggo ba ta ji ba. Ta wuce ta gabansu, ta nufi bakin titi neman abin hawa.