Giɓin da Malam Yari Ya Bari

"Ruwan sama ne ya zaizaye wurin, Kaka, ba wani abu ba."

"Ruwan sama ya zaizaye kanka. Ni aka haihwa cikin gidan ko kai?"

Yaya Abbas da Kaka Delu ke nan, tun da aka sauke koko suke abu ɗaya. Ni ina gefe ina ɗura lalle a leda, ina kwaikwayon kowannensu ƙasa-ƙasa, Mama tana harara ta tana danne dariya.

Gardamar a kan zanen da ke bangon zauren tsohon gidanmu ne na Ƙofar 'Yandaka, wanda muka tashi daga ciki shekara huɗu da suka wuce, bayan damina ta kada ɗakuna biyu. Dagi ne, ƙullin nan da layi ke kutsawa ƙarƙashin layi ya ɓullo, ba ka gane farkonsa balle ƙarshensa. Mahaifin Kaka, Malam Yari magini, shi ya fitar da shi da laka da hannunsa. Yaya Abbas tarihi yake karanta, kuma tun da ya sa dagin nan a gaba ya hana kowa sakat. Ya ce shi ne a ƙirjin babbar riga, shi ne a bayan ƙwarya, a matashin fata, a zayyanar allo. Ya buɗo mana hoto a waya, daɓen wani tsohon gini na mutanen Rum can wajen Tunis, ga ƙullin nan an jera shi da ƙananan duwatsu kamar daga unguwarmu aka ɗauko. Ya ce a littattafan da yake dubawa ƙullin Annabi Sulaimanu suke ce masa, kuma kowa ya san wanda aka hore wa aljanu. Wataƙila ayarin raƙuma ne ya shigo da shi Katsina ta Agadas, wataƙila daga nan ya tafi can, Allah masani.

Abin da ya tsaya masa a rai, duk dagin da ya gani a rufe yake. Namu kaɗai ke da giɓi, kamar faɗin yatsa biyu, daga ƙasa ta hagu.

Kaka ta ce da gangan babanta ya bari. Zauren a kan hanya ya faɗa, kuma ba hanyar mutane ba. Masu bin ta da almuru suke wucewa, su ɓullo ta cikin bango, su bi layin zanen, su fice ta giɓin. Ya bar masu ƙofa, su kuma suka bar gidan lafiya.

"Kuma ba su da murya," ta ce, ta juyo ta dube ni. "Ta mutane suke ara. Da ke nike, mai bakin aku."

Na maimaita mata maganarta da muryarta sak, har da ɗan tarin da take yi a ƙarshe. Ta jefo mani mafici.

Ni dai Safara'u haka Allah ya yi ni. In na ji mutum sau biyu, na ɗauke shi. A gidan biki in na gama wa amarya lalle, mata ba su bari na tafi sai na yi masu uwar miji da mai dalilin aure da malamar Islamiyyarmu. Asabar mai zuwa ma aka ce in je gwajin wasan kwaikwayo a wani gidan rediyo, na fi wata uku ina jiran ranar. Maƙogwaron nan shi ne jarina.

Ranar gardamar nan ina da amarya a bayan Ƙofar 'Yandaka, sai Yaya Abbas ya miƙo mani makullin zauren, ya ce in ɗauko masa hoton giɓin daga kusa. Kaka ta ce in zan shiga, in shiga da rana tsaka. Na ce to.

Amarya ta zo da ƙawaye tara. Ban ɗago kai ba sai da rana ta yi ja.

Lungunmu na nan yadda na san shi. Hayaƙin masu suyar awara, awaki na komawa gida, wani mai keke yana ta hon a bakin titi. Na ce minti biyu ne. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da na murɗa sau uku. Ƙyauren ya yi ƙara, warin kashin jemage da danshin ƙasa suka tare ni.

Na kunna fitilar waya. Ga dagin nan a bangon gabas, ya fi ni tsawo. Har shatin yatsun Malam Yari ana gani a jikin lakar. Na durƙusa na duba giɓin. Bakinsa sumul, an shafe shi da kyau ta kowane gefe. Ba aikin ruwa ba ne, Kaka ce da gaskiya.

To ni mai lalle ce. Layin da bai haɗu ba ƙaiƙayi yake mani a hannu. Ga sauran lalle a jaka. Na ce bari in haɗe shi, in ɗauki hoto, in kai masu in ce ai ba wani giɓi, su duka biyu mafarki suka yi. Na matsa ledar, na ja layi biyu masu kauri, na cike tsakaninsu. Busasshiyar laka ta shanye lallen nan take.

Ya yi kyau kuwa. Na juya waya, na fara ɗaukar kaina, na karkace baki irin na Kaka.

"Wa ya ce a taɓa mani zanen ubana? Ehem-ehem."

Aka fara kiran sallar magariba a masallacin bakin ƙofa.

Ina tattara jaka na ji wari ya canja. Ba jemage kuma. Kanwa, da tsohuwar fata, da gumin dabba, irin wanda ake ji a kara, wajen sayar da dabbobi, ranar kasuwa. Sanyi ya taso daga ƙasa ya kama mani ƙafa.

Sai na ji tafiya.

Cikin bango take. Sur, sur, kamar ana jan takalmin fata a kan yashi. Ta fara daga saman zanen, ta gangaro, ta kutsa, ta ɓullo. Ina bin ta da kunne kamar yadda ake bin layi da yatsa. Ta iso ƙasa ta hagu, inda lallena yake.

Ta tsaya.

Ta koma sama. Ta sake zagayowa, da sauri wannan karon. Ta sake tsayawa. Ƙasa ta fara zubowa daga jikin dagin, siririya.

Na nufi ƙofa. Ƙyauren a buɗe yake, ina ganin lungu, ina ganin wata mata ta wuce da tulu. Taku huɗu ne tsakanina da waje. Na yi takun huɗu, na ga kaina gaban zanen. Na sake. Gaban zanen.

"Wa ya ce a taɓa mani zanen ubana?"

Daga bango ta fito, daidai kunnena. Ba muryar Kaka ba ce. Tawa ce, ta kwaikwayo, har da tarin da nake ƙara wa gishiri.

Wani abu ya zare daga maƙogwarona, kamar an ja zare daga ɗinki. Na gwada tarin Kaka a hankali. Babu. Wurin da yake zaune a wuyana ya zama fayau.

Na buɗe baki zan yi ta'awwuzi. Tsoro ya sa ta fito da muryar malamar Islamiyya, wadda na saba jin addu'ar a bakinta. Ban kai ƙarshe ba zaren ya sake zarewa. Bango ya ƙarasa gyaran muryar malama, ya yi shiru a kan addu'ar.

Na toshe bakina da hannu biyu.

Bai hana ba. Na ji yatsu a wuyana, sirara, masu sanyi kamar ƙarfe, suna lalube. Ba shaƙewa suke ba. Zaɓe suke, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Uwar miji ta tafi. Na ji ta cikin bango tana faɗa.

Mai dalilin aure ta tafi.

Mai tallan manja. Direban motar Jibiya. Yaya Abbas, yana cewa ruwan sama ne. Mama, tana kiran sunana. Kowace ta fita, sai ta shiga zagayen, har zauren ya cika da mutanen da na sani, suna magana lokaci ɗaya, suna bin layi, suna karo da lallena suna komawa.

Sai duk suka yi tsit.

"Saura ɗaya," aka ce, da muryar Mama, cikin raɗa. "Wacce ce taki?"

Na faɗi a gwiwa gaban giɓin. Na goge lallen da gefen mayafi. Ya riga ya kama, ja wur a jikin laka. Na sa makulli na fara kankara. Lakar Malam Yari kamar dutse. Makullin ya suɓuce, ya faɗa cikin duhu.

Wayar ta mutu.

Na sa farce.

Yatsun sun gangaro can ƙasan maƙogwaro, inda ban taɓa sanin akwai wuri ba. Sun samu abin da suke nema. Sun kama bakin zaren.

Farce ɗaya ya karye. Na biyu. Ina jin jini, ina jin ƙasa a baki. Na dage na cije harshe, na ce ko me za a yi ba zan yi sauti ba.

Aka fara ja.

A hankali.

Ɓarin laka ya motsa ƙarƙashin yatsana. Na danna da dukkan ƙarfina. Zafin da ya ratsa wuyana ya fi ƙarfin cizon harshe.

"Mama!"

Da muryata na faɗa. Ita ke nan.

Lakar ta ɓalle. Iska ta fita ta giɓin, ta bi ta tsakanin yatsuna, mai zafi, mai yashi, doguwa kamar ayari na wucewa. A ƙarshenta wani abu ya faɗo mani cikin maƙogwaro, na haɗiye ban shirya ba.

Na rarrafa. Taku huɗun suka zama huɗu. Na samu kaina a lungu, ana sallame salla, mai awara tana tambayata ko faɗuwa na yi. Na gyaɗa kai. Na tari mai keke, ban yi masa magana ba, da hannu na riƙa nuna masa hanyar gida.

A ƙofar ɗakin Kaka na yi sallama.

Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, mai kauri, mai ɗan rawa, da Katsinancin da ko Kaka ta daina irinsa. Ban taɓa jin ta ba a rayuwata. Mama ta ce in bar shashanci, sai ta ga jini a hannuna. Carbin Kaka ya faɗi ƙasa.

Daga baya Kaka ta ba Mama labarin, ina jin su. Tana da shekara tara, wasan gini take da laka a zaure, ta liƙe giɓin. Ba wanda ya lura sai da almuru, da aka fara jin tafiya a bango. Innarta ce ta tura yara cikin gida, ta shiga ita kaɗai ta buɗe. Ta fito lafiya, amma ba ta sake cewa uffan ba. Shekara goma sha ɗaya ta yi a haka har ta rasu, tana nuna abu da hannu. Kaka ba ta taɓa gaya wa kowa ita ta liƙe ba sai ranar nan.

Muryar Innar ce a wuyana.

An yi mani rubutu, an yi tofi, an kai ni asibiti, likita ya leƙa da fitila ya ce bai ga komai ba. Asabar ta zo ta wuce ina ɗaki. Ba na iya kwaikwayon ko kukan akuya. In na ɗaga waya sai ƙawayena su ce, Hajiya ina wuni, a ba Safara'u. Yaya Abbas ya je da rana tsaka da wani magini, suka gyara bakin giɓin, suka sa sabon kwaɗo. Ya daina buɗo mana hotuna. Ni kuwa ina yin lalle har yanzu, amma duk zanen da na yi sai na bar masa 'yar kafa, amare na ƙorafi ina yi kamar ban ji ba.

Kwana goma sha biyu Kaka ba ta haɗa ido da ni ba. In na shigo ta fita.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna zaune a tsakar gida, ni da Mama da Yaya Abbas, sai ga ta da akushi a hannu. Da kanta ta yi tuwon, ita da ta shekara ba ta shiga madafa ba. Ta ajiye a gabana a rufe. Sannan ta durƙusa, da ciwon gwiwar nan nata, irin durƙuson da yara suke yi. Ta sunkuyar da kai.

"Inna," ta ce, da ƙyar ake ji. "In ke ce, ki yahe mani. Ni na liƙe."

Hawaye ya zo mani. Na kama hannunta. Na shirya abin da zan ce tsaf a raina: Kaka, ni ce, Safara'u, tashi don Allah. Ko murfin akushin ban taɓa ba. Na buɗe baki.

"Delu, gishirin miyar nan ya yi yawa."