Ƙofar Arewa da Silas Ya Toshe

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, ta wuce ba ta kwana gidan kowa ba.

A ƙauyenmu na Wenlow, can ƙasar Ingila, zamanin kakannin kakanninmu, an yi wani magini ana ce da shi Silas Pargeter. Gidansa na jingine da katangar maƙabartar coci, in aka kaɗa ƙararrawa sai kwanukan matarsa Dorcas su amsa. 'Yarsu ɗaya tal, Keziya, mai shekara goma sha shida. Silas ke gyaran cocin kamar yadda ubansa ya yi, cocin kuwa ya tsufa har an manta wanda ya aza harsashinsa.

Wata magariba a ƙarshen hunturu suna zaune gaban murhu, ga romon dankali, ga burodi da cuku. Rana ta faɗi, ba a kunna fitila ba tukuna. Hankakin da ke kwana a hasumiyar coci, waɗanda kullum sai sun cika gari da surutu kafin su natsu, ranar shiru suka yi. Sai wani abu ya gangaro ta bututun hayaƙi, ya faɗa tsakiyar wuta, toka ta tashi. Kafin Dorcas ta ajiye ludayi, an jefi ƙofa sau uku.

Silas ya leƙa waje. Ba kowa sai kaburbura da sanyi. Ya tsinci abin da aka jefo, ya juya shi a tafin hannu, ya daɗe yana kallo, sannan ya zura shi aljihu.

"Yara ne," in ji shi.

"Yaran wa?" in ji Dorcas. "Wane yaro ke jifa ta cikin bututun hayaƙi?"

Silas ya zauna, ya ja kwanonsa, amma bai ƙara kai cokali baki ba.

Haka aka yi kashegari, haka aka yi kwana tara a jere. Daga faɗuwar rana zuwa kunna fitila jifa ake, bayan nan kuma shiru. Ranar ta goma aka fara jin murya, siririya, daga ƙarƙashin murhu, kamar kukan jarirai da yawa a ɗakin da aka rufe.

Zargi kuwa ba ya rasa masauki. Wasu suka ce Keziya ce da kanta, budurwa mai neman a kula ta. Wasu suka ce ɗan uwan Silas ne da suka yi faɗa kan gado. Amma yawancin bakuna kan tsohuwa Hester Mabb suka sauka, ungozomar gari, domin kowa ya san shekara goma sha shida ke nan ba ta amsa gaisuwar Silas, ba wanda ya san dalili. Mata suka daina sayen ƙwanta. Wani ya fasa mata taga. Silas yana ji, yana gani, bakinsa gum. Kullum da asuba sai ya riga matarsa fita, ya tsince duwatsun tas.

Sai abin ya koma kan Keziya.

Wata magariba ta tashi daga kujera, ta tafi bangon ɗakin na arewa, ta dafa goshinta a kai, ta shiga turawa. Uwarta ta janye ta, ta koma. Aka sake janye ta, ta koma, har fatar goshin ta saluɓe. Da aka danne ta a gado sai ta buɗe baki, wata murya ta fito wadda ba tata ba, busasshiya kamar ana jan dutse kan dutse.

"Nan ma a rufe," in ji muryar.

Daga ranar ta daina cin abinci. Likita ya ce zazzaɓi ne. Limamin cocinmu, saurayi ne sabon zuwa, ya yi addu'a daga bakin ƙofa, ya tafi da sauri. Kwana shida yarinya na ramewa a gaban idonsu.

Dorcas na neman tsumma a jakar kayan aikin mijinta ta tarar da duwatsun, duka, an ɗaure su a ƙyalle. Ta zube su a gabansa.

"Silas, wanda aka jefa ba ya ajiye dutse kamar kayan gado. Me ka sani?"

"Ban san komai ba."

"Shekara ashirin nake kwana kusa da kai. In ka yi ƙarya kunnenka ja yake yi. Dubi madubi."

Suna cikin haka aka turo ƙofa ba sallama. Hester ce, da sandarta.

"Ba gaisuwa na zo ba," in ji ta. "Ni na yanke cibiyar yarinyar nan, ni na yanke taka, ɗan nema. Ku aika bayan tudu a kira Rabaran Ambrose Lyle. In kun ƙi, ku aika a kira mai haƙa kabari."

Shi Rabaran Ambrose tsoho ne tukuf, ya bar limanci tuntuni, yana zaune da littattafansa na Latin da Ibrananci. An san ya sha zama da abubuwan da ba a gani, ya sallame su. Ya iso da la'asar bisa wani gajeren doki, kuma bai yarda da kowa ba. Ya duba tafin hannun Keziya da hannun rigarta ko akwai ƙurar dutse. Ya leƙa bututun hayaƙi. Ya tambayi Dorcas, ya tambayi Hester, ya maimaita musu tambaya ɗaya ta fuska uku. Sannan ya ɗauki ɗaya daga duwatsun ya murje shi.

"Wannan ba dutse ba ne, kwaɓin gini ne. Wa ke sa gashin jar saniya a kwaɓinsa a garin nan?"

Kowa ya dubi Silas.

Tsoho ya sa sandarsa ya share toka daga gefen murhu. Akwai wani dutse mai kusurwa huɗu da aka tokare tukunya da shi, fuskarsa ɗaya shafe da farar ƙasa.

"Wannan fa, maigida?"

"Sanyi ne ya tsinko shi daga bangon coci, ranka ya daɗe. Na ga zai lalace a banza."

"Wane bango?"

Silas ya dubi ƙasa. Rana ta riga ta faɗi. Ɗakin ya yi duhu, ya yi sanyi, kuma yau ba a jefi ƙofa ba. Rabaran ya kunna kyandir ɗaya, ya buɗe littafinsa, ya yi karatu a hankali, ya daɗe yana yi. A kan gado Keziya ta tashi zaune, idonta a rufe.

"Kai wane ne?" in ji tsoho.

"Na yarinyar nan ne ni. Tare muka zo duniya."

To, kun san al'adarmu tun daga kakanni. Ranar da za a yi wa jariri baftisma, ana buɗe ƙaramar ƙofar da ke arewacin coci, domin duk abin da ya rako jaririn daga duhu, in ruwa ya taɓa shi, ya sami hanyar fita ya tafi abinsa. Ba a rubuta wannan a littafi ba, amma kowace ungozoma ta san shi.

"Ruwa ya kore ni," in ji muryar. "Na nufi ƙofa, na tarar da bango ɗanye. Na shiga cikinsa ya bushe da ni. Wanda ya zo bayana ma haka. Mu arba'in da uku ne a kaurin bango ɗaya, malam. Da ya ɗauko dutsen nan, ni ya ɗauko."

Hester ta buga sandarta a ƙasa. "Faɗa musu, Silas, ko ni in faɗa."

Silas ya faɗa. Matar mai gonakin garin ce ta yi ƙorafin iska na shiga ta ƙofar tana dukan wuyanta, dattawan coci suka ce a toshe. Ranar Asabar ya yi aikin, kashegari za a yi wa 'yarsa baftisma. Hester ta same shi ta ce ya dakata kwana ɗaya tak.

"Na ce mata na riga na kwaɓa, kwaɓi ba ya jiran gobe."

Dorcas ta kalle shi kamar yau ta fara ganinsa. "Kana kallo aka fasa wa baiwar Allah taga."

"Me kake so?" Rabaran ya tambayi muryar.

"Hanya. A rushe bangon, ita kuma ta ɗauke mu ta tsallake da mu. Mun daɗe a dutse, mun sandare, ba ma iya fita sai ta jiki mai jini."

"In ta tsallake da ku, za ta dawo?"

Muryar ta yi wata 'yar dariya.

"Na sani ai," in ji tsoho. "To ku ji. An wanke ta, an sa mata suna, ba taku ba ce. Kafar dutse ɗaya za a buɗe."

"To wa zai zama mana gada?"

"Ni," in ji Silas. "Hannun da ya rufe, ga shi."

Tsoho ya dube shi, ya dubi gadon. "Iyakar wuyan hannu, ba ƙari. Zan kira sunayen daga littafin baftisma, wanda aka kira sunan jaririn da ya rako ya wuce. Kai ne na ƙarshe, kuma ka bar ta da ranta da hankalinta. Ka rantse da Wanda ya halicce ka."

Kyandir ya sunkuya ya miƙe.

"Na rantse," in ji muryar. "Gobe."

Kashegari da hantsi duk Wenlow ta hallara, wasu don tausayi, yawanci don su ga wa za a kama da ƙarya. Aka kwantar da Keziya kusa da kwamin baftisma na dutse. Silas ya tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi, ya kira sunan Hester ya wanke ta. Sannan ya ɗauki guduma ya huda bangonsa, har hasken waje ya shigo ta kafa guda. Ya nannaɗe hannun riga, ya zura hannun damansa iyakar wuya.

Rabaran ya fara daga sunan jaririn da aka yi wa baftisma a watan jiya, yana komawa baya. Duk sunan da ya kira sai Silas ya zabura, kamar an zuba masa ruwan ƙanƙara. Iyaye na jin sunayen 'ya'yansu suna rungume su. Goma. Ashirin. Leɓen Silas ya yi fari. Arba'in da biyu.

"Keziya Pargeter."

Ba abin da ya motsa.

"Keziya Pargeter," tsoho ya maimaita.

Bakin yarinyar ya buɗe. "Jikin nan da ɗumi, malam. Hannun can kuwa 'yan uwana sun shanye shi, ba sauran jini. Ta ina zan bi? Na rantse zan wuce, ban rantse zan yi tsalle ba."

Rabaran ya rufe ido. Arba'in da biyu sun bi ta hannu ɗaya, bai lissafa da wannan ba.

"Silas, kada ka..." Dorcas ta fara.

Ya riga ya tura. Ya danna hannun cikin kafar har gwiwa, ya ƙara har dantse, dutse na yankar fatarsa.

"Ga ɗumi nan," in ji shi. "Zo ka wuce, ka bar min 'yata."

Wani sanyi ya ratsa cocin daga kwamin zuwa bango, duk wanda ke kan hanyarsa ya ji shi a haƙora. Silas ya yi ƙara sau ɗaya, ya sulale jikin bango. A waje, ciyawar arewacin maƙabarta ta kwanta ta tashi.

Keziya ta yi atishawa. Ta buɗe ido, ta dubi rufin coci, ta dubi taron mutane.

"Mama, me ya kawo mu coci ranar Talata?"

Ta hangi ubanta rataye a bango, ta rarrafa wurinsa. Ita ta zaro masa hannun. Ya fito toka-toka, yatsun a miƙe, kuma daga ranar ba su sake lanƙwashewa kan cokalin gini ba. Ta riƙe shi a ƙirji tana murzawa, tana hura masa numfashi.

"Baba, hannunka ya yi sanyi."

"Bar shi, 'yata, ya gama aikinsa. Kina jin yunwa?"

"Kamar in ci doki."

Silas ya dubi matarsa, hawaye na bin gemunsa. "Dorcas, kin ji. Je ki ɗora tukunya."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Ba don gizo ba da na yi ƙarya, wanda ya ji kuwa ya kai wa na gaba.