Hawayen Falalu

La'asar ce sakaliya, hadari ya taso daga gabas ya tsaya cak a kan itatuwan unguwar Nassarawa, ko ganye ba ya motsi, ranar da aka fara tsayar da Falalu a gaban kyamara. A lambun wani Alhaji ɗan kwangila ake ɗaukar wasan, gidan da mahaifin Falalu, Malam Shu'aibu, ya tsufa yana ban ruwan furanni. A ɗakin masu aiki na bayan gidan aka haifi Falalu. Ta tagar falo ya fara leƙen talbijin, kuma tun yana ƙarami yake kwaikwayon tafiyar Alhaji har kuku da direba su riƙe ciki.

Shekarun kuɗin man fetur ne. Kowane gida an kafa eriya, kamfanoni na neman fuskar da za ta tallata musu kaya, wanda ya fito a wasa sau ɗaya sai ka ji ana nuna shi a kasuwa. Falalu ya sa wa ransa sai ya zauna a falon da yake leƙawa.

Abin da aka ba shi ba shi da yawa: ɗa ya tarar da gawar ubansa, ya durƙusa, ya yi kuka. Ya durƙusa ɗin, ya kwarma ihu, amma idonsa ƙamas. Aka murza masa albasa, sai atishawa. Mutumin da yake yin gawar ya fara rawa a ƙarƙashin likkafani saboda dariya.

"A tsaya!" in ji darakta, Malam Cornelius, wani mutumin Zariya mai haƙuri wanda ranar haƙurin ya ƙare masa. "Kai, fim ɗin nan daga ƙasar waje ake kawo shi, ba a maimaita shi kamar karatun allo. Ka tuna wani naka da kake so, ka gan shi a kwance nan. Haka kowa yake yi."

Ya gwada. Babu ko ɗigo. Aka tuɓe masa rigar aka sa wa wani, a gaban mahaifinsa, wanda ke tsaye gefe da almakashin yankan shuka.

"Ba komai, Falalu," in ji tsohon. "Wanda idonsa bai saba da kuka ba ai gode wa Allah yake. Zo ka kama min tiyo kafin ruwa ya sauko."

Maganar nan ta fi dariyar mutane ƙona masa rai. Yana tsaye yana cizon leɓe, mai yin gawar ya zo wucewa yana naɗe likkafani, ya ce masa ƙasa-ƙasa, "Akwai wani tsoho a cikin duwatsu bayan garin Dutse. In kana son idonka ya buɗe, shi za ka gani. Kada ka ce ni na faɗa maka."

Da hantsi Falalu ya isa wurin, amma cikin bukkar tsohon kamar rana ba ta taɓa fitowa ba. An jingina ta da wani tsagaggen dutse da tsamiya ta tsiro a cikinsa, ƙofar kuma sai da rarrafe. Ƙwarya-ƙwarya a kife a jere, jajayen tsummoki da baƙaƙe suna reto daga rufi, fatar kura a shimfiɗe, ga fasassun madubai jikin bango, kowanne an juya fuskarsa baya. A lungu akwai wani tulu da aka liƙe bakinsa da laka, amma yana tsatsafo da ruwa, ƙasan wurin ta yi fari da gishiri. Bokan ɗan ƙaramin tsoho ne. Ba shi da gashin ido, ƙuda na sauka a kan ƙwayar idonsa ba ya ƙiftawa.

"Kuka ka zo saya," in ji shi, tun kafin a gaisa.

"Suna nake so, Baba. Da gida, da mota. In na iya kuka, sauran za su zo."

"Za su zo." Ya tura masa ƙwarya da ruwa. "Duba nan. In ka mutu yau, su wa za su yi maka kukan gaskiya?"

Falalu ya ce mahaifinsa. Ya ce yayansa Sanusi, direban babbar mota, wanda ke ba shi kuɗin silima. Ya ce matarsa Jummai, mai tsohon ciki. Duk wanda ya ambata, sai ruwan ya yi ɗan motsi.

"Kana da arziki ba ka sani ba," in ji tsohon.

"Me zan bayar? In jini ne, Baba, ba zan iya ba."

"Na ce maka jini? Ko kaza ba za ka yanka ba."

"To kuɗi?"

"Kana da shi ne?" Ya yi dariya ba sauti. "Hawaye ba a ƙera shi, yaro, ɗebo shi ake yi. Rijiyar taka ce, ni guga kawai zan ba ka. Ka shafa kwallin nan, ka yi abin da mutumin Zariya ya koya maka. Shi ke nan."

Falalu ya san bai ambaci darakta ba. Ya ce, "In rijiyar ta ƙafe fa?"

"Ka tambaye ni ran da ta ƙafe. Ka karɓa, ko ka koma wa tiyo?"

Kalmar tiyon nan ita ta yanke magana. Tsohon ya tsige masa gashin ido ɗaya, ya haɗa da dutsen kwalli da matsarmamar baƙin bunsuru, ya ɗiga ruwan tulun nan, ya niƙa yana kiran sunayen da ba na mutane ba. Ya ɗura a ɗan tandu ya miƙa masa da hagu.

Da aka sake ba shi dama, uwa ce ta mutu a wasan. Ya ɓuya bayan mota ya zizara kwallin, ya durƙusa, ya kawo fuskar mahaifinsa a ransa, da hular nan tasa da ta koɗe. Sai wani abu ya tsinke masa a ƙirji. Ya yi kukan da ya sa mai riƙe kyamara ya kasa gani saboda nasa hawayen, Malam Cornelius ya manta bai ce a tsaya ba. Ran da aka nuna wasan, mata a unguwar Gawuna sun bar tuwo ya ƙone.

Ba a daɗe ba aka tsinci Malam Shu'aibu kife a cikin furanni, tiyo na ta zuba a gefensa. A wurin jana'iza Falalu ya matsa idonsa har ya yi ja, babu komai. Mutane suka riƙa satar kallonsa: mutumin da ya sa gari kuka a kan uwar ƙarya, ga ubansa na gaske a makara, ido a soye. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, daga ranar ya nemi kamannin mahaifinsa a ransa ya rasa. Yana tuna hular, yana tuna almakashin, amma wurin fuskar fili ne.

Duniya kuwa ta buɗe. Fuskarsa a allunan talla, muryarsa a rediyo. Ya sayi Fijo, ya sayi Marsandi, ya kama gida a Nassarawa, layi ɗaya da gidan da ya girma a bayansa, shi ma ya ɗauki mai lambu. Jummai ta haifi mace, aka sa mata Ma'u.

Na farko a ce rashin sani ne. Na biyu fa? Falalu ya gane. Ya gwada tuna maƙiyansa, kwallin bai kawo komai ba. Ya gwada mutanen hanya, shiru. Sai wanda yake so. Ya jinkirta, ya yi ta karɓar wasan barkwanci, har aka fara cewa idon Falalu ya ƙafe, aka fara yabon wani sabon ɗan wasa. Ran nan Sanusi ya zo da buhun gero daga Gumel, yana tsokanarsa.

"Ranka ya daɗe mai kukan haya! Har yanzu kana gane talakawa?"

"Haba Yaya, zauna mana," in ji Falalu, yana kallonsa, yana kallonsa, kamar mai hadda.

Motar Sanusi ta kife a hanyar Zariya kafin a gama nuna wasan da Falalu ya sake yin kuka a cikinsa.

Jummai ba ta yi boko ba, amma tana da ido. Wata safiya tana taje wa Ma'u kai, ta ɗago ta ga yadda ya tsura musu ido.

"Baban Ma'u, daina kallonmu haka. Irin kallon da ka yi wa Yaya Sanusi ke nan."

"Ke wace irin magana ce wannan?"

"Ban san me ke cikin tandun nan ba. Amma duk ran da ka yi kuka a waje, mu ne muke yi a gida."

Ya rantse mata, ya kuma rantse wa kansa, cewa ya gama. Amma bai jefar da tandun ba. Da babban fim ya zo, mai launi, wanda za a haska a gidajen silima har Legas, aka ce uba ne zai rasa 'yarsa, Falalu ya karɓa. Ya yi wa kansa dabara: zai shafa kwallin, amma fuskar kansa zai tuna. In ma da abin da zai faru, ya faru a kansa.

Sai dai aikin fim na wancan zamani yana da tasa al'ada. In wani bai zo ba, duk wanda ke kusa shi ake jawowa, ko mai gadi ne ko mai tallan gyaɗa. Ranar ɗaukar, a harabar gidan Falalu, yarinyar da za ta yi gawar ta kwana da ƙyanda. An ɗura fim, rana na shirin shiga gajimare. Sai ga Ma'u ta fito da gudu da kwanon fura, ta kawo wa babanta.

"Yauwa, Allah ya kawo mu!" in ji Malam Cornelius. "Malam Falalu, ara mana gimbiyarka. Kwanciya kawai za ta yi."

Kalma ɗaya ce tsakaninsa da tsira. Ya dubi jama'ar da ta cika bakin ƙofa, ya dubi sabon ɗan wasan nan da ke tsaye yana jira a ce ya karɓa, kwallin kuma yana idonsa. Ya ce a ransa, zan rufe ido. Bai ce a'a ba.

Aka kwantar da ita aka lulluɓe. Ya durƙusa ido a rufe, yana laluben fuskar kansa.

"Yaye mayafin," in ji darakta. "Buɗe ido, ka dube ta."

Ya yaye. Ga Ma'u ta runtse ido da ƙarfi, ta cije leɓe kada dariya ta kuɓuce mata, da ɗan giɓin haƙorinta na gaba. Abin nan ya tsinke masa a ƙirji. Ya yi ihu yana cewa a tsaya, a ɗauke ta, suka ɗauka cikin wasan ne. Da aka gama, har masu gadi suna tafi.

Zazzaɓi ya kama ta kafin Juma'a. Asibiti, malamai, duk an je. Falalu ya tuƙa mota har cikin duwatsun nan, ya tarar da tsamiyar, ya tarar da farin gishiri a ƙasa, babu bukka. Ya dawo ya tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Fim ɗin ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba. Jummai ta fara zuwa silima kullum, ita kaɗai cikin maza, ta zauna shiru har a zo wurin. Sai ta miƙe ta nufi allon tana cewa, "Tashi, Ma'u, an gama. Tashi mu je gida." Daga baya danginta suka zo suka tafi da ita a ɗaure.

Shi kuwa ya juye ragowar kwallin duka a idonsa, ya tsaya gaban madubi yana kallon kansa, yana roƙon a ɗauke shi. Ba a ɗauke shi ba. Kwallin wanda kake so yake ci, shi kuma ya riga ya tsani kansa. Sai dai hawayen da aka hana shi a kan ubansa da yayansa da 'yarsa suka ɓalle gaba ɗaya, ba su sake tsayawa ba. Gidan ya tafi, motocin suka tafi. Yana zaune yanzu a gindin katangar tsohon gidansa, idanu sun kumbura, ƙuda na bi, yana kuka bai san fuskar wanda yake yi wa ba.

To, mai son a san shi ko ta halin ƙaƙa, ka duba da kyau. Boka ba ya ba ka komai daga aljihunsa. Daga cikin gidanka yake ɗauka ya miƙo maka, kuma ba ya ɗaukar wanda ka gaji da shi. In an ce maka babu jini, babu kuɗi, to ka tashi ka gudu, don abin da za a karɓa ya fi su. Masu tafin nan kuwa, ko ɗaya ba zai raka ka maƙabarta ba.

Wata la'asar, ruwa ya fara yayyafi, Malam Cornelius ya zo wucewa a kan Vespa, kansa ya yi fari. Tun fim ɗin nan bai sake taɓa kyamara ba. Ya tsaya, ya kama Falalu ya matsar da shi ƙarƙashin rumfar mai gadi, ya ciro hankici ya share masa fuska, ya kore ƙudan, ya ɗauko takalminsa ɗaya da ya faɗa kwata ya sa masa. Falalu bai ɗago ba. Kafin tsohon ya tayar da babur, fuskar ta sake jiƙewa.